"Ajiyar Tuwo": Iya ta rikice ne, ko da saninta ta kira sunan?

Maman Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Labarin da za mu tattauna a wannan makon shi ne "Ajiyar Tuwo", wanda 'yar'uwarmu ta ɗora mana ranar Juma'a. Ta roƙi a yi masa fiɗa ba sani ba sabo, kuma ta ce ba za ta sa baki ba sai mun gama. Ga wanda bai samu karantawa ba, ga yadda yake.

Iya tsohuwa ce da ta doshi shekara 90, tana zaune a gidan autanta. Ɗanta na fari, Garba, ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 18, bai dawo ba. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 wani abokinsa ya zo ya shaida wa mahaifinsa a zaure cewa ruwa ya ci shi wajen tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica. Iya tana tsakar gida tana daka, ta ji komai, ba ta ajiye taɓarya ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. "Yaron nan" take cewa. Autanta ya haifi ɗa ya sa masa Abubakar, takwaran marigayin, gida na kiransa Sadik, ita kuma "Angona".

Yanzu tsufa ya kama ta. Tana mantawa an ci abinci, tana lissafin kuɗin cefane da sule da sisi, kuma kullum magariba sai ta ɗebi tuwo a kwano ta rufe da faifai, ta ce na wanda bai dawo ba ne. Wata magariba Sadik ya shigo, ta ɗaga kai ta ce, "Garba." Tsakar gida ta yi tsit. Ya ce, "Na'am, Iya." Ta tura masa kwanon, ya ci. Ta ce, "Ka daɗe a hanya." Can kuma ta ce, "Ruwan da sanyi?" Ya ce, "Babu sanyi, Iya." Da safe aka tarar da kwanon a wanke a kife, akwatin da take ajiye likkafaninta a buɗe. Sai marubuciya ta rufe da sakin layi guda na nasiha kan cewa duniya ba matabbata ba ce.

To, bisimilla. Me kuka gani a ciki?

Ɗan Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a wurina labarin a fili yake. Gigin tsufa ne ya kama tsohuwa, ta ga jika ta ɗauka ɗanta ne, kamar yadda muke gani a gidajenmu. Da daddare Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa aka buɗe akwatin likkafani. Ya taɓa min zuciya ƙwarai, musamman wurin da ya ce na'am. Allah ya ƙara basira. Ban ga abin jayayya a nan ba.

Malamin Hausa:
Ɗan'uwa, akwai abin jayayya, kuma yana cikin kalma uku: "Ruwan da sanyi?"

Mu tsaya a kansu. In da Iya ta ɗauka Garba yana raye, ya je wani wuri ne ya dawo, me za ta tambaye shi? Ya hanya, ya mutanen can, ka ci abinci? Ita kuwa ruwa ta tambaya. Wanda ya san ruwa ya ci ɗansa ne kaɗai zai yi wannan tambayar. Ke nan a daidai lokacin da take tura masa tuwo, ta san ya mutu, ta san kuma yadda ya mutu. Tambayar da ta tsaya mata a maƙogwaro ce tun ranar da take daka a 1970, ba ta da wanda za ta yi wa. Ba za ta iya shiga zaure ta tambayi abokinsa ba. Ba za ta iya tambayar mijinta ba, don uwa ba ta nuna zumuɗi a kan ɗan fari. Gawa ba ta zo ba, ba a yi wanka ba, ba a ɗauki makara daga ƙofar gidan ba, babu kabarin da za a nuna. Sai ta haɗiye.

Fahimtata ita ce Iya ta ga ƙofa ta buɗe ne ta bi. Ta kai shekarun da duk abin da ta faɗa za a ce tsufa ne, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Sai ta yi amfani da wannan rangwamen ta kira ɗanta, ta ciyar da shi, ta yi tambayarta. Ni ban karanta labarin mantuwa ba. Na karanta labarin matar da ta kasa mantawa fiye da shekara 50.

Anti Nas:
Malam, na ji daɗin karatunka, amma bari in kawo abin da nake gani a wurin aiki, don kada mu ƙawata ciwo har mu manta ciwo ne.

Duk alamomin da marubuciya ta zuba na cutar mantuwa ne, kuma ta zuba su daidai. Mai wannan lalura abin da ya faru ɗazu yake fara rasawa, na da can shi ke daɗewa. Kamar rumbu ne: hatsin da aka zuba daga ƙarshe shi ake fara ɗiba, na ƙasa shi ke saura. Wani masani Bafaranshe, Ribot, ya bayyana wannan tun 1881. Shi ya sa Iya ba ta san ta ci tuwon rana ba amma tana lissafi da sule, kuɗin da aka canja tun 1973 da naira ta shigo. Haka kuma rikicewar kan tsananta da yamma zuwa magariba. Duk mai jinyar tsoho ya san wannan lokacin: shi ne sa'ar da tsohuwa za ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ce za ta tafi gida, alhali tana gidan da ta shekara 40 a ciki.

Sannan cutar tana sassauta birkin da mutum ya koya. Kunya aba ce da aka koya, ƙwaƙwalwa ke riƙe da ita. Na ga dattijuwa mai kamun kai da ta koma ashar, 'ya'yanta suna kuka suna cewa ba uwarsu ba ce. Don haka kiran sunan bai zama dole ya kasance da niyya ba.

Game da ruwa kuma, mai wannan lalura yakan riƙe abu biyu masu karo da juna a lokaci guda ba tare da ya ji sun yi karo ba. Garba ya nutse, Garba kuma ga shi zaune yana cin tuwo. A wurinta duka gaskiya ne.

Abin da ya sa na dage: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan lalura, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu. A nan kuwa ko dai a ce tsufa ne kawai a share, ko a ce iska, ko, wanda ya fi muni, a ce tsohuwa mayya ce don ta ambaci matattu. In muka ce Iya da saninta take yi, gobe wata surukar za ta ce wa tata tsohuwar, "Ai da gangan take yi."

Malamin Hausa:
Anti, wannan gargaɗin naki na ƙarshe na karɓe shi hannu biyu. Ban ce lafiyarta ƙalau ba. Amma ki koma shafin da surukarta ke tambayarta wa ya saya mata akwatin. Me ta ce? "Malam ne, shekarar da ya je Makka." Malam ta ce. Mijin ya rasu da daɗewa, tana cikin rikicin nan, amma har yanzu ba ta kama sunansa ba. In birkin kunya ne ya tsinke gaba ɗaya, me ya sa ya tsinke a kan ɗa ya riƙe a kan miji? Marubuciya ba ta sa wannan a banza ba. Suna ɗaya tak ya fita daga bakinta, kuma shi ne wanda riƙe shi ya fi ƙona ta. Likita zai iya gaya mana yadda ƙofar ta buɗe. Abin da ya fito ta ƙofar, wannan rayuwar Iya ce ta ajiye shi.

'Yar Maradi:
Sallama gare ku duka. Wanga labari ya tuna mini da kakata, Allah shi jiƙan ta. Babana shi ne ɗanta na fari, kuma tun da aka yaye shi aka kai shi riƙo wurin gwaggonshi. In ya zo gaishe ta, sai ta juya gefe tana gyaran zane, amsa ɗaya biyu. Amma in ya tashi tafiya, sai ta kira ni ɗaki ta ba ni ƙullin daddawa da kuka da 'yan kuɗi, ta ce, "Kai ma wancan." Mu yara mun ɗauka ba ta son shi. Sai da na girma na lura kullum ƙullinshi ya fi na kowa nauyi.

Shi ya sa wurin taɓaryar nan ya fi kama ni bisa ga wurin tuwon. Wanda bai san al'adar ba zai ce wace irin uwa ce za ta ji mutuwar ɗanta ta ci gaba da daka. Mu mun san a idon matan gidan, in ta yar da taɓarya ta yi kururuwa, abin faɗi ne har jikoki. Dakan shi ne kukanta. Ku duba yadda marubuciya ta ce garin ranar ya yi laushin da bai taɓa yi ba.

Abu guda kuma da na so: Iya ba ta ƙirga shekaru da lamba. "Shekarar da aka kashe Sardauna," "shekarar fari." Haka tsofaffinmu suke. A nan wajenmu yunwar 1984 El-Buhari ake ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Tsoho in ya ce an haife ka bayan El-Buhari, ya gama ba ka shekarunka. Ranar da waɗannan tsofaffi suka ƙare, wanga irin lissafi ya tafi da su.

Ummi Ɗaliba:
Ku yi haƙuri iyayena, ni fa labarin haushi ya ba ni, ba marubuciyar ba, al'adar. Yarinya ce fa, an yi mata aure tana 14 ko 15, ta haihu, an hana ta kiran ɗanta, an hana ta ɗaukarsa a gaban mutane, ya mutu an hana ta kuka. Sai da ƙwaƙwalwarta ta lalace sannan ta samu izinin zama uwa. Kuma muna zaune muna cewa abin ya yi kyau, dakan shi ne kukanta. Anti 'Yar Maradi, shi babanku fa, ya taɓa jin ta kira shi? Garba ya tafi yaƙi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Wanda ya ji kiran wani ne daban. Ni a nan abin ya fi min ciwo, kuma ina ganin labarin yana tuhumar al'adar ne, ba yabonta yake ba.

'Yar Maradi:
Bai taɓa ji ba, ƙanwata. Amma ya san nauyin ƙullin. Ban ce ya isa ba. Ni dai ina kiran ɗiyata ta fari da sunanta, a gaban kowa.

Malam na Gusau:
Assalamu alaikum. Ɗiyata Ummi, kina da hujja a abu guda: wannan kunyar al'ada ce, ba addini ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi. Hawayen uwa ba a hana ba.

Amma abin da ya kawo ni shi ne wannan. Da nake karanta labarin, Annabi Yaƙub ne ya yi ta faɗo mini. Shi ma ɗa ya rasa ba gawa ba kabari, riga kawai aka kawo masa. Suratu Yusuf, aya ta 84, ta ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki yana haɗiyewa. A aya ta 85 'ya'yansa suka ce ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya lalace ko ya halaka. A ta 94 ya ce yana jin ƙamshin Yusuf, in ba don kada su ce ya rikice ba. A ta 95 na kusa da shi suka ce yana nan dai cikin tsohon kuskurensa. Kun ga, tun wancan zamani, tsoho in ya ambaci wanda ya rasa, abin da na kusa ke fara cewa shi ne tsufa ne. Ba ina kwatanta Iya da Annabi ba ne, Allah ya tsare. Shi ya san abin da ba su sani ba daga Ubangijinsa. Ina nuna cewa saurin yanke hukuncin "ya rikice" tsohon hali ne na 'ya'ya.

Ɗaya ɓangaren kuma Anti Nas ta yi gaskiya. Alƙur'ani ya ambaci wannan matakin a Suratun Nahl aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5: akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Annabi ma yana neman tsari daga kaiwa can. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Mu da ke kewaye da shi ba a ɗauke mana ba. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye "uf", a kan lokacin tsufansu ta yi magana.

Ɗan Katsina:
Allah gafarta Malam, to ga tambaya. Shi Sadik da ya amsa, bai yi ƙarya ba? Ya san ba shi take kira ba. Ni da na karanta na ji daɗi, amma daga baya abin ya tsaya min a rai. Yaudarar tsohuwa ce fa, ko da kyakkyawar niyya.

Malam na Gusau:
Sunansa Abubakar, Garba kuwa laƙabin Abubakar ne. An kira sunansa ya amsa. Wannan ba ƙarya ba ce, kuma marubuciya ta yi hikima da ta haɗa su suna. Inda za a yi magana shi ne "Babu sanyi." Nan ya ba da labarin abin da bai gani ba. Ni ba zan ba da fatawa a kan almara ba. Amma da ni ne a tsakar gidan, ba zan tsawata masa ba. Yaro ne ɗan shekara 19 da aka ɗora wa tambayar da ta girme shi, ya zaɓi amsar da za ta sanyaya wa kakarsa zuciya. Da ya yi shiru ya riƙe hannunta, da shi ma ya wadatar.

Anti Nas:
A aikace ma abin da muke faɗa wa masu jinya ke nan. Kada a yi ta gyara wa tsoho zance. In ta ce ina Garba, ka ce ai ya mutu tun 1967, to ka yi mata sabuwar sanarwar mutuwa. Za ta yi kuka, bayan awa ɗaya ta manta dalilin kukan amma ɓacin ran ya zauna, gobe kuma ta sake tambaya. Gara ka ce, "Iya, kina kewarsa ko? Wane irin yaro ne shi?" Sai ka ga ta saki jiki tana ba da labari.

Kuma don Allah, in tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce tsufa ne. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari, ko ƙishirwa, kuma ana warkewa. Wadda ke zuwa a hankali cikin watanni da shekaru ita ce cutar mantuwar, ita ma a kai asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau.

Ɗan Tsohon Soja:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mahaifina ya yi yaƙin, a bariki na tashi. Tarihin da ke labarin daidai ne. A Oktoban 1967 Runduna ta Biyu, ƙarƙashin Murtala Muhammad, ta yi yunƙurin tsallaka kogin daga Asaba zuwa Onica da jiragen ruwa bayan an karya gada, kuma an yi asarar sojoji da yawa. Sai Maris na 1968 aka kama Onica, ta ƙasa. Da yawa cikin waɗanda suka tafi yara ne irin Garba, an ɗebe su cikin gaggawa da ɗan horo kaɗan. Sojan Najeriya da bai wuce kimanin 10,000 ba kafin yaƙi ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Gidaje nawa ne a Arewa suka samu labari irin na Iya, daga bakin aboki, ba takarda ba gawa?

Amma akwai abin da ba zan iya yin shiru a kai ba. A farkon wannan watan na Oktoba, kafin tsallakawar, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula maza a Asaba. Mutanen garin har yau suna tunawa da ranar 7 ga Oktoba. Marubuciya ta zaɓi Asaba, ta zaɓi watan, ba ta ce uffan a kan wannan ba. A can ma akwai tsofaffi mata da suka doshi 90 suna kiran sunayen 'ya'yansu da magariba. Labarin da jigonsa tunawa ne, ya dace ya tuna rabi?

Mahaifina bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. In rediyo ya ambaci Asaba, tashi yake ya fita. Shirun maza ma akwai shi, kuma ba na kunya ba ne. Abokin nan da ya zo zaure, shi na so a ɗan tsaya a kansa.

Ɗan Katsina:
Yallaɓai, da girmamawa, wannan zai kai mu wani wuri daban. Iya ba ta san Asaba ba, ba ta san runduna ba. Ɗanta ta sani. Kada mu ɗora wa tsohuwa nauyin yaƙin basasa.

Malamin Hausa:
Ku duka biyun kuna da gaskiya a wuri daban. Labarin daga idon Iya ake kallonsa, kuma abin da bai shigo tsakar gidanta ba bai shigo labarin ba. Gajeren labari ba ya ɗaukar kaya da yawa. Masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, sun san wahalar cusa rayuwa guda cikin kalma 1,500. Amma layi ɗaya zai iya ɗaukar abin da Yallaɓai ke nema. A ce abokin ya faɗi yadda Garba ya mutu, mahaifin ya tambaye shi, "Can ɗin ya kuka yi?", shi kuma ya kasa ɗaga kai. Wanda ya san tarihi zai gane, wanda bai sani ba zai ji akwai abin da aka binne.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne sakin layin ƙarshe. Marubuciya ta yi aiki mai wuya: ta bar kwano da akwati su yi magana. Sai kuma ta ji tsoron ba mu gane ba, ta hau mumbari ta ce duniya ba matabbata ba ce. Gaskiya ce, amma Iya ta san da haka kafin a haifi marubuciyar. Matar da ta ajiye likkafaninta a akwati shekara da shekaru, tana fito da shi tana shanyawa tana turarawa, ba ta buƙatar a tuna mata mutuwa. Matsalarta ba mutuwa ba ce, mutuwar da ba a kammala ba ce. Nasihar ta amsa tambayar da labarin bai yi ba. Wannan ɗabi'a ta yi mana yawa a rubutunmu: sai mun liƙa darasi a wutsiya muke jin mun sauke nauyi.

Malam na Gusau:
A nan zan saɓa maka, Malam. Adabinmu da wa'azi ya tashi. Waƙoƙin malaman jihadi cike suke da tunatarwa kan mutuwa da kabari, kuma ba su rage wa harshen kyau ba. Mai karatu Bahaushe in ya ga likkafani yana jiran ya ji ambaton Allah, in bai ji ba sai ya ji labarin ya tsaya a rataye. Na yarda sakin layin ya yi tsawo kuma muryar marubuciya ce. A mayar da shi bakin wani a cikin gidan, surukar ko autan, a kalma kaɗan irin wadda muke faɗa da gaske. Amma kada a cire gaba ɗaya.

Ummi Ɗaliba:
Ni kuma ban ma yarda ta mutu ba. Kowa ya wuce wannan kamar an gama. Wa ya wanke kwanon? Labarin ya nuna ba ta bari kowa ya taɓa shi. Ke nan ita ta tashi ta wanke ta kife, ma'ana ajiya ta ƙare, mai ita ya zo ya karɓa. Akwatin kuma ba a ce an ga likkafanin a ciki ko a jikinta ba, a buɗe kawai aka ce. Me zai hana ta fito da shi ne don Garba, wanda bai samu nasa ba? Ta ciyar da shi, saura ta suturta shi. In ta mutu a daren, labarin ya yi sauƙi da yawa. In tana raye, gobe da magariba za ta iya sake ɗibar tuwo don ta manta jiya, kuma Sadik zai sake yanke shawarar ko zai amsa.

Anti Nas:
Ummi, wannan na ƙarshe shi ne ainihin rayuwar masu jinya. Ba dare ɗaya ba ne.

Marubuciya:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na karanta komai har sau biyu.

Ba zan faɗi ko Iya ta mutu ba, don ban rubuta ta mutu ba. Na tsaya ne a inda mai shiga ɗakin ya ga akwatin kafin ya dubi gado. Karatun Ummi na likkafanin Garba bai zo mini ba lokacin da nake rubutu, amma babu layin da ya hana shi, kuma zan bar shi haka.

Kan ko da saninta ne: lalurar gaskiya ce, na yi jinyar mai irinta, kuma ba na so kowa ya fita daga labarin yana cewa tsofaffi da gangan suke yi. Amma ban yarda lalura tana mayar da mutum fanko ba. Abin da ya rage a Iya bayan an kwashe kwanan wata da sunayen jikoki shi ne abin da ta fi riƙewa. "Malam" ɗin da Malamin Hausa ya gano da niyya na sa shi.

Ummi, ban rubuta don in yabi kunya ko in tsine mata ba. Na rubuta kuɗin da mace ɗaya ta biya ne.

Sakin layin ƙarshe zan bi shawarar Malam na Gusau: zai koma bakin surukar, kalma kaɗan. Batun Asaba kuma ya hana ni barci. Yallaɓai, ba na so in taɓa shi da layi ɗaya don in fita kunya kawai. Ina ganin abokin nan nasa labarin daban ne, kuma ina so in rubuta shi. In ba damuwa, zan so in ji yadda rayuwar bariki take bayan 1970, abin da ka gani da idonka kawai.

Ɗan Tsohon Soja:
Ba damuwa, ƙanwata. Ki turo tambayoyinki ta akwatin saƙo. Akwai abokan mahaifina biyu da ke raye, ɗaya har yanzu da ƙarfinsa, yana zuwa karɓar fansho da kansa. Zan nemi izininsa tukuna. In ya yarda, ki zo da wani namiji daga gidanku, ki kuma shirya zama fiye da ɗaya, don ba ranar farko zai yi magana ba.